'Yata ba ta ji: in fara koyon maganar hannu yanzu, ko in jira a sayi na'ura?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa komai ba, amma yau buƙata ta fito da ni. Ina da 'ya mai shekara 2 da wata 4, ita ce ta uku a ɗakina, kuma makonni shida ke nan da aka tabbatar mana a asibiti cewa ba ta ji da duka kunnuwanta, in ba ƙara mai tsanani irin ta tsawa ba. Tun tana wata tara zuciyata ta fara raya mini wani abu, domin akwai ranar da tukunya ta suɓuce mini a kusa da kanta tana barci, ko motsawa ba ta yi ba. Duk wanda na gaya wa sai ya ce nauyin baki ne kawai, wai haka kawunta ya yi, sai da ya shekara uku ya buɗe baki. Da wannan maganar aka riƙe ni fiye da shekara guda.

Likitan da ya duba ta ya ba mu shawara biyu: a nema mata na'urar taimaka wa ji, sannan mu fara koyon maganar hannu a gida tun yanzu. Maigidana ya karɓi ta farko, har ya fara tara kuɗi, amma ta biyun ce ta kawo saɓani. Hajiya, mahaifiyarsa, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ta ce idan aka saba wa yarinya da nuni harshenta zai mutu, mu mayar da ita bebiya da hannunmu, har ta hana yayyenta yi mata nuni. Hajiya tana son yarinyar nan ƙwarai, wannan ba na shakka a kansa. Sai dai kullum Ummi tana kuka tana birgima a ƙasa, wani lokaci har ta ciji kanta, ni kuwa na rasa ko yunwa ce, ko ciwo, ko wani abu take nema. Tambayata biyu ce. Shin da gaske maganar hannu tana hana yaro magana da baki? Idan kuma ba ta hanawa, a ina mace mai yara uku da hidimar gida za ta koye ta?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Maman Ummi, Allah ya raya ta, ya sa mata albarka. Ba ni da ilimin wannan fanni, amma na bi hanyar da kike tsaye a bakinta, don haka zan gaya miki abin da ya same ni. Ɗana yanzu shekararsa 11. Mun gane ba ya ji yana da shekara biyu, kuma muka kwashe shekara huɗu cur muna jiran ranar da zai yi magana. Mun je wurin masu magani a garuruwa daban-daban, an ɗiga masa mai a kunne, an ba shi rubutu, har wanzami ya yanke jijiyar da ke ƙarƙashin harshensa, alhali harshen lafiyarsa ƙalau. A duk tsawon wannan lokaci, abin da ke tsakanina da shi bai wuce "zo", "tafi", "ci" da "bari" ba.

Ranar da na kai shi makarantar kurame yana da shekara shida, malami ya tambaye shi sunansa da hannu, yaro ya tsaya yana kallonsa. A nan na gane cewa ɗana bai ma san yana da suna ba, bai san abubuwa suna da sunaye ba. Yaran da iyayensu kurame ne, masu ƙarancin shekaru a kansa, suna ta hira da hannu, suna gardama, suna ba da labari. Na koma mota na zauna na daɗe ban iya tayar da ita ba. Yau Khalifa yana karatu, yana da abokai, amma malamansa sun gaya mini cewa har yanzu akwai giɓin da yake fama da shi wajen fahimtar dogon bayani, kuma sun danganta hakan da shekarun nan da ya yi ba shi da harshe ko ɗaya. Ni na fara koyo ina da shekara arba'in da wani abu, hannuna ya yi tauri, ina kuskure yana gyara mini. Ke da kike da yarinya 'yar shekara biyu, kada ki ƙara ko mako guda kina jira.

Dattijo daga Fagge:
Ina yi wa kowa sallama. Na karanta maganar Baban Khalifa kuma ta taɓa ni, amma ina roƙon kada a yi gaggawar watsar da maganar Hajiya, domin abin da babba ya hango akwai dalili a cikinsa. Ɗan ƙanena yana da raunin ji tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya saya masa na'ura, uwarsa ta zauna da shi tana nanata masa kalmomi safe da yamma, ba a taɓa yi masa nuni ba, kuma yau yana da shago, yana ciniki da bakinsa, ya yi aure. Da an sa shi a hanyar maganar hannu, ina tsoron da ya ɗauki mai sauƙin ya bar mai wuyar.

Mu duba inda yarinyar nan za ta rayu. Kasuwa da baki ake ciniki, Islamiyya da baki ake hadda, asibiti da baki ake faɗin ciwo, gidan miji ma da baki ake zama. Mutum nawa ne a unguwarku suka iya maganar hannu? Idan ita kaɗai da uwarta suka iya, ashe an gina mata ɗaki ne mai mutum biyu. Ni dai shawarata, 'yata, a ƙoƙarta a sayi na'urar, a ba ta shekara ɗaya ko biyu ana gwadawa, idan abin ya faskara sai a koma ga hannu.

Malama mai koyar da kurame:
Baba, Allah ya ƙara girma. Damuwarka ita ce damuwar kusan duk iyayen da suke zuwa wurinmu, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kimanin 9 cikin 10 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa zama da kurma ba kafin Allah ya ba su nasu. Amma ka yi mini izini in bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa, wato magana da harshe. Magana sauti ce da ke fitowa daga baki. Harshe kuwa shi ne abin da yaro yake tunani da shi, yake tambaya da shi, yake gane jiya da gobe, da dalili da sakamako. Ƙwaƙwalwar yaro tana ɗaukar harshe cikin sauƙi ne a shekarun farko, musamman kafin ya cika biyar, kuma ba ta damu ba ko ta kunne ya shigo ko ta ido. Jariran da iyayensu kurame ne sukan yi gwalantu da yatsunsu kamar yadda sauran jarirai ke yi da baki, kuma sukan kai matakan koyon harshe a daidai lokacin da masu ji ke kai wa. Shekara ɗaya ko biyun da ka ce a ba na'ura, daga cikin waɗannan shekaru masu tsada za a cire su, kuma idan gwajin bai yi nasara ba babu mai mayar wa Ummi da su.

Ɗan ƙanenka raunin ji gare shi, wato akwai sauran ji da na'ura za ta ƙara wa ƙarfi. Abin da Maman Ummi ta kwatanta ya fi wannan nisa. Idan kuma aka ce ta dogara da kallon leɓe, ina roƙon kowa ya tsaya gaban madubi ya furta "bari", "ɓari" da "mari" ba tare da sauti ba, zai ga leɓensa abu ɗaya suke yi. Haka "gara", "kara" da "ƙara", domin bambancinsu a can cikin baki yake, inda ido ba ya kaiwa. Ga kuma karin sauti, wanda da shi Hausa ke raba ma'anoni da yawa, kuma ba a ganinsa ko kaɗan. Babba da ya riga ya san Hausa yana iya cike giɓin da hasashe, amma yarinyar da ba ta taɓa jin kalma ɗaya ba, da me za ta yi hasashen?

Wannan gardama tsohuwa ce. A 1880 wani taron malaman kurame a birnin Milan na ƙasar Italiya ya yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta magana da baki, aka kuma bi wannan hanya a makarantu da yawa na Turai da Amurka kusan shekara ɗari. Yara da dama sun fito ba su iya maganar ba, ba su sami karatun ba. A 2010, a birnin Bankuba na Kanada, taron da ya gaji wancan ya fito fili ya yi watsi da hukuncin na Milan, ya kuma nuna nadama. Binciken da aka yi ta yi bai nuna cewa maganar hannu tana hana magana da baki ba. Abin da nake gani a aji shi ne, yaron da ya riga ya san ruwa da hannu ya fi saurin gane abin da ake nufi idan ana koya masa furta "ruwa", domin yana da inda zai rataya sautin.

Ma'aikaciyar jinya a sashen kunne:
Zan ƙara kaɗan a kan batun na'ura, domin iyaye sukan ɗauka kamar tabarau ce, da an saka shi ke nan. Na'urar tana ƙara ƙarfin sauti ne kawai, ba ta gyara abin da ya lalace a cikin kunne. Dole a saita ta bisa sakamakon gwajin yaron, a yi masa abin toshe kunne daidai da girman kunnensa, a riƙa sauya shi yayin da yake girma, ga batir, ga gumi da ƙurar hunturu da ke lalata ta. Kada a saya a kasuwa ba tare da gwaji ba. Ana cire ta lokacin wanka da barci, kuma idan ta lalace takan ɗauki makonni kafin a gyara, to a duk waɗannan lokuta yarinya tana buƙatar hanyar da za ta ce cikinta yana ciwo. Akwai kuma na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma bayan aikin sai an yi shekaru ana horar da yaro. Ko a ƙasashen da ake yin wannan dashen da yawa, akwai iyalan da suke haɗa shi da maganar hannu. Idan kuna son ƙarin gwaji, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sassan kunne na asibitocin koyarwa.

Sannan, Maman Ummi, ban sani ba ko an fara ɗora miki laifi, amma na ga ana yi wa mata da yawa. Kurumta tana iya zuwa daga sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, ko wasu allurai irin su jentamaisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Tana kuma iya zama ta gado, kuma mafi yawan irin wannan sai uwa da uba duka sun ɗauko ƙwayar halittar, alhali su biyun suna ji sarai. Idan Allah ya ba ki wata haihuwar, ki nemi a gwada jin jaririn tun a watannin farko.

Kurma ɗan Kano:
Na ji daɗi da aka kawo wannan magana, kuma ina so ku ji ta bakin wanda abin ya shafa, ko da yake da yatsa nake rubutawa. Ni kurma ne. Sanƙarau ya kama ni a annobar 1996, wadda ta kashe mutane sama da 11,000 a Nijeriya, ina da shekara bakwai. Na tashi daga jinya na tarar duniya ta yi shiru. Saboda na riga na iya Hausa kafin ciwon, har yau ina magana da baki, mutane suna ganewa. Don haka, Baba na Fagge, ni ne irin wanda kake fata Ummi ta zama, kuma ina shaida maka cewa iya furta magana bai fitar da ni daga kaɗaici ba. Ina iya faɗa, amma ba na jin amsa. Na yi shekaru ina zama a tsakar gida ana cin tuwo, kowa ya fashe da dariya, in tambayi me aka ce, a ce mini "za a gaya maka an jima", kuma an jiman nan ba ta taɓa zuwa ba. Rasuwar kakata ma, sai da na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida sannan na fahimta. Mahaifiyata ce kaɗai ta koyi hannu saboda ni, Allah ya jiƙanta, kuma duk abin da na sani na tarihin gidanmu daga hannunta na same shi. Mahaifina mutumin kirki ne, bai taɓa gazawa da ci da suturata ba, amma har ya bar duniya ba mu taɓa yin hira ta minti goma ba. Ina so Baban Ummi ya karanta wannan layi.

Baba na Fagge, ka ce mutum nawa ne suka iya hannu a unguwa. A ƙasar Hausa sun fi yadda kake zato. Muna da maganar hannu tamu ta gado, wadda kurame suka gada daga kurame tun kafin a buɗe makaranta ko ɗaya, har sarkin bebaye muke da shi a Kano. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano tana nazarin wannan harshe, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Da yawa daga alamunsa sun yi kama da nunin da Bahaushe mai ji yake yi da ma, shi ya sa mahauci da mai shayi da direba sukan yi ciniki da mu ba tare da wahala ba.

Yaya Maman Ummi, ga abin da za ki fara tun yau. Idan kin goya ta, ki sani cewa ba ta ganin fuskarki ko hannunki, wato duk awannin da take bayanki babu abin da ke shiga, saboda haka ki riƙa sauke ta ki zaunar da ita tana fuskantarki idan kina tsince shinkafa ko wanki. Ki durƙusa daidai tsayinta. Ki bari ta kalli abu tukuna, sannan ta kalle ki, sannan ki yi alamar, domin ido ba ya kallon wuri biyu a lokaci guda. Idan za a kira ta a taɓa kafaɗarta ko a ɗaga hannu inda za ta gani, kada a jefe ta da wani abu, wannan yana yi mana ciwo ƙwarai. Idan an ɗauke wuta da dare, mu an ɗauke mana magana ke nan, don haka ki tanadi fitila mai caji ki ajiye ta inda za ta haska fuskarki. Fuska rabin maganar ce, da gira da ido ake gane tambaya daga umarni, kuma idan kina sa niƙabi sai kin ɗaga shi za ta fahimce ki. Ki ba kowa na gidan suna na hannu, ita ma ki ba ta nata. Mafi muhimmanci, ki nemi babbar mace kurma ta riƙa zuwa gidanki, domin ba a koyon harshe daga takarda kaɗai, kuma Ummi tana buƙatar ta ga babba irinta mai aure da sana'a.

Dattijo daga Fagge:
Ɗana, maganar mahaifinka ta sa na ajiye wayar na ɗan jima. Na karɓi cewa halin ɗan ƙanena daban ne, kuma ban san cewa jinkiri yana da irin wannan illa ba. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Na sha ganin iyaye, da zarar sun ga yaro ya iya nuni sai su saki jiki, na'ura ta koma cikin akwati, a daina kai shi asibiti. Idan za a yi hannu a yi, amma Baban Ummi ya ci gaba da tara kuɗinsa, kuma duk ɗan jin da ya rage mata a yi amfani da shi. Sannan har yanzu ba a amsa mini batun addini ba. Yaya za ta yi salla, yaya za ta yi karatun Alƙur'ani?

Malamin Islamiyya:
Alhaji, wannan tambaya malaman fiƙihu sun daɗe da amsa ta. Ƙa'ida ce sananniya cewa ishara da ake fahimta daga wanda ba ya iya magana tana tsayawa a matsayin furuci, a ciniki da aure da saki. A salla kuma Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, wanda ya kasa karatu zai yi niyya, ya yi tsayuwa da ruku'u da sujada, sallarsa ta inganta. A cikin Suratu Ali Imrana an ba Annabi Zakariyya alama cewa zai yi kwana uku ba ya magana da mutane sai da ishara, a Suratu Maryam kuma da ishara Nana Maryam ta nuna jaririnta ga mutanenta. Suratur Rum ta ƙidaya saɓanin harsunanmu cikin ayoyin Allah. Ban ga abin da zai sa musulmi ya ƙyamaci maganar hannu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kishiyar tambayarka. Yarinyar da ba ta da harshe, ta yaya za a sanar da ita wane ne Allah, mene ne tsarki, mene ne halal da haram? Za ta iya kwaikwayon ruku'u da ido, amma ma'anar sai da bayani. Idan ta girma ta fara al'ada, wa zai yi mata bayani in ba uwarta ba? Idan wani ya cuce ta, Allah ya kiyaye, da wane harshe za ta kai ƙara? Maman Ummi, idan Hajiya tana da malamin da take jin maganarsa, a roƙe shi ya yi mata wannan bayani cikin girmamawa, hakan ya fi ki yi jayayya da ita da kanki.

Malama mai koyar da kurame:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Sai dai akwai inda na ɗan saɓa da ɗan uwana Kurma ɗan Kano, kuma gara Maman Ummi ta sani tun yanzu. Maganar hannu ba iri ɗaya ba ce a duniya, ta Ingila ma daban take da ta Amurka duk da cewa Turanci ɗaya suke yi. Wadda ake koyarwa a makarantun Nijeriya ta samo asali ne daga ta Amurka. Wani baƙar fatar Amurka mai suna Andrew Foster, wanda shi ma sanƙarau ya kurumtar da shi yana yaro, shi ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗewa a ƙasashen Afirka da dama har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Makarantar kurame ta Tudun Maliki da ke Kano kuma an buɗe ta a 1977. Da alamun makaranta Ummi za ta yi karatu, da su masu fassara suke aiki a talabijin, da su za ta yi hulɗa da kuramen Legas da Jos. Shi ya sa nake ba iyaye shawara su koyi na makaranta kai tsaye, kada yaro ya yi aiki biyu.

Kurma ɗan Kano:
Malama, ina girmama aikinki, kuma ni ma da alamun makaranta na yi karatu. Amma yaron Bahaushe mai ji da Hausa yake farawa a gida, ya je makaranta ya koyi Turanci, babu wanda ya ce aiki biyu ne. Mu ma haka muke, ina amfani da duka biyun kullum, ina sauyawa bisa wanda ke gabana. Hajiya ba za ta zauna koyon harrufan Turanci da yatsu ba, amma nunin ci da sha da barci ta riga ta san su tun tana yarinya. A fara da abin da gidan zai iya ɗauka. Idan aka sami kurma da ta yi makaranta, za ta kawo duka biyun tare, yarinyar kuma za ta tsince su.

Baban Khalifa:
Akwai abin da wannan saɓani ya tuna mini. Khalifa da Turanci kawai yake rubutu, domin alamun makaranta da rubutun makaranta duk a kan Turanci aka gina su. Mahaifiyarsa kuwa Hausa kaɗai take karantawa, don haka idan ya turo mata saƙo daga makaranta sai ta jira na dawo. Yanzu muka fara liƙa takardu a jikin kayan gida, ƙofa, randa, tabarma, kowanne da sunansa na Hausa, tana nuna masa tana yin alamar. Da mun fara tun yana ƙarami da ya fi sauƙi. Malama, na ji an ce dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta taɓo wannan batu, ko haka ne?

Malama mai koyar da kurame:
Haka ne, dokar ta tanadi cewa maganar hannu ta shiga manhajar makarantu, kuma asibitocin gwamnati su samar da hanyar sadarwa ga majinyata irin su kurame. Aiwatarwa ce take tafiyar hawainiya, amma sanin dokar yana ba iyaye ƙarfin tambaya. Dabarar liƙa takardu tana da kyau ƙwarai. Na kuma yarda da ɗan uwana a kan abu ɗaya: kowace irin alama aka samu a wannan makon ta fi wadda za a jira sai baɗi.

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. Na dawo bayan kwana goma sha biyu domin in gode muku, in kuma faɗi inda aka kwana. Ta hanyar matar Malam Kurma ɗan Kano na haɗu da wata baiwar Allah kurma, tela ce, tana da yara huɗu duka masu ji, kuma ta zo gidanmu sau uku. Ranar farko na ji kunya ƙwarai domin ban san yadda zan ma gaishe ta ba, ita ce ta kama hannuna ta gyara mini yatsu. Yanzu ina da alamu wajen ashirin da biyar. Yayyen Ummi sun fi ni saurin ɗauka, babbar har ta fara gyara mini. Shekaranjiya da rana Ummi ta ja zanena, ta kalle ni, ta yi alamar ruwa. Na ba ta, ta sha, ta koma wasanta ba tare da kuka ba. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Hajiya ba ta ce ta amince ba, kuma ban matsa mata ba. Maigidana ya kai mata maganar Malam, ta yi shiru, amma ta daina hana yaran, kuma ta daɗe tana kallon baƙuwar tamu tana yi wa ɗanta faɗa da hannu yana ba ta amsa da baki. Shi Baban Ummi na karanta masa abin da aka rubuta game da mahaifin da bai taɓa hira da ɗansa ba, bai ce komai ba, sai dai ya tambaye ni wane suna aka ba shi, na nuna masa alamar hula. Kuɗin na'ura muna ci gaba da tarawa, Baba na Fagge, ba mu saki ba.

Ga sabuwar matsalata. Ranar Lahadi zai yi tafiya Legas ta kwana biyar, kuma duk lokacin da ya yi tafiya Ummi takan tsaya a bakin ƙofa har dare tana kuka. Ruwa da abinci ina iya nuna mata su, amma ta yaya zan gaya mata cewa zai dawo?

Kurma ɗan Kano:
Yaya, ki ɗauki hotonsa ki liƙa a bango daidai tsayinta, ki zana da'ira biyar a ƙarƙashinsa. Kafin ya fita, shi da kansa ya durƙusa a gabanta, ya nuna kansa, ya nuna jakarsa, ya yi alamar tafiya, sannan ya kwantar da kumatunsa a tafin hannu sau biyar yana nuna da'irorin ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya yi alamar zuwa ya rungume ta. Kowace safiya ki ba ta alli ta cike da'ira ɗaya, ku ƙirga sauran da yatsu. A wannan tafiyar wataƙila ba za ta gane ba sai ranar da ya shigo ta ga da'irar ƙarshe ta cika, amma a tafiya ta biyu za ta gane. Ya kuma riƙa kiran bidiyo bayan magariba, ya tsaya inda akwai haske, ya jingine wayar a jikin wani abu domin hannayensa biyu su zama a sake. Matata za ta zo ranar Asabar da la'asar ta nuna masa alamun guda huɗu da zai buƙata, ki gaya masa ya kasance a gida.